Bargon da Ya Ƙi Ƙarewa

Na kama Tumini da almakashi, tana warware bargon ƙyallayen da su tara suka yi wata huɗu suna ɗinkawa.

"Mbak Tumini!" na ce, wato Yaya Tumini. "Ashe ke ce mai ɓata mana aiki kullum?"

A gidan masu lalurar ƙwaƙwalwa da nake kula da su, wanda ya saci almakashi ba ya sake shiga ɗakin ɗinki. Sauran suka taru a ƙofa.

"Ba kullum ba, Bu Lastri," in ji ta, wato Malama Lastri, yadda suke kira na. "Talata ce tawa. Gobe Sugeng ne."

"Saboda me?"

Daga cikin waɗanda ke ƙofa, Sugeng ya sunkuyar da kai. "Ke kika ce da an gama bargon za ki bar aiki."