Tazara

Tana tuƙa mahaifinta zuwa asibiti a tsohuwar motarsa sai tirelar da ke gabansu ta ci birki. Ta taka nata iya ƙarfinta. Motar ta yi ta jan taya a kwalta, da ƙyar ta tsaya dab da tirelar. Tazarar da ya koya mata ce ta cece su. "Tsohuwa ba ta jin magana nan take," yakan ce, "ki ba ta fili."

Yanzu tsufa ya cinye tunaninsa, ya daɗe bai gane ta ba, "direba" yake kiranta.

Sai ta ji abu ya tokare ƙirjinta. Hannunsa ne, siriri, ya tare ta kamar lokacin da take ƙarama.

"Mamana," ya ce, "ba ki bugu ba ko?"