Abin Da Dogo Ya Rubuta Wa Baƙuwa

Ku da kuka san Dogo mai gyaran waya, kun san bakinsa ko ƙwado aka sa masa sai ya ɓalle. To, ranar nan saura wata guda bikinsu da Malama, sai ta leƙo shagonsa daga makaranta, alli duk a hannunta, ta tarar yana kallon waya yana ƙyaƙyata dariya kamar zai kifar da tebur.

"Zauna ki sha labari, amaryata! Wata ce ta ɓoye suna a shafin nan na intanet da ake neman shawara. Wai likita ya ce da wuya ta haihu, ta kasa gaya wa saurayin. Ji fa: kullum na buɗe baki..."

"...sai ya fara lissafa sunayen 'ya'yanmu," Malama ta ƙarasa a hankali.

Jama'a, dariyar nan ta maƙale a maƙogwaron Dogo, har fankar shagon sai da ta ji kunya. Ya dubi wayar, ya dube ta. Ita kuwa sai murza allin yatsunta take yi.

"Me ya hana ki gaya min ni?"

"Su mutanen shafin ba sa kallon idona. Kai me ka rubuta mata?"

Ya kife wayar. Ta miƙa hannu ta juyo ta. Shi ma gogan da sunan bogi ya rubuta: ki sakar wa bawan Allah mara ya nemi wata.

"Wallahi ba da ke nake ba!"

Ta saɓa jakarta a kafaɗa, idonta ya cika taf.

"To da wa kake, Dogo?"