Kwamfutar Ɗakin Citta

Kwamfutar Miriyam ta sake mutuwa ta tashi da kanta, tana tsakiyar buga jarrabawar ɗalibanta. Jiya kuma sandarewa ta yi. Da abin ya ishe ta, ta kira Yafet mai gyara.

Ya duba wuta, lafiya lau. Ya kalli buhunan citta da ke jibge jikin teburin, ya kalli kashin ɓera a ƙasa, sannan ya kwance murfin kwamfutar a hankali.

Saɓar maciji ce nannaɗe da wayoyin, sabuwa fil.

“Madam,” ya ce ƙasa-ƙasa, “mai rigar ya fita. Kar ki motsa.”

A ƙarƙashin teburin, inda ta shimfiɗe shi, jaririnta na ta yi wa wani abu dariya.