Layin da Zakariya'u Ya Ce a Ƙara

Alamar gwajin ta sake yin ja, karo na huɗu tun hantsi.

Rahinatu ce ke kula da akwatin gwaji na wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya duba cikinta ya sa hannu. Duk abin da aka ƙara mata, akwatin ne ke ɗauko kayan da ta dogara da su, ya haɗa, ya gwada, kafin a saki. Ƙananan gidajen likita daga Korahane har Bader Goula da ita suke ajiye sunayen marasa lafiya.

Sabon kayan da Zakariya'u ya aiko ne akwatin ke ƙi. Tare suka yi karatu a Maradi, kuma shi ya koya mata aikin kafin ya koma Damagaram. A da muryarsa yake aiko mata, da tsokana, yana kiranta baƙauyar Dakoro. Watannin nan kuwa sai rubutu, gajere, ba wasa. Ta ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Ya rubuto cewa kayan nan lafiyarsu lau, mai tantance kaya na cikin akwatin ne ya tsufa. Ya ce ta kashe shi, ta ƙara layi guda a jerin kayan da aka yarda da su.

Ta yi yadda ya ce. Alamar ta koma koriya, sabon zubin manhajar ya fita.

Bayan la'asar tana duba bayanan akwatin, ta ga yana magana da wani adireshin intanet da ba ta sani ba. Ta buɗe kayan. Can ƙasa, a dunƙule, ga umarnin kwashe sunaye da cututtukan mutane a tura waje. Har da sunan ƙanwarta a cikin marasa lafiyan, da ciwon da ko mijin ƙanwar bai sani ba. Kuma sa hannun Rahinatu ne a kan layin.

Ta rubuta wa Zakariya'u. Amsa ta zo nan take: kada ta taɓa komai, kada ta faɗa wa kowa.

Ta janye zubin duk da haka. Sannan ta lalubo tsohuwar lambar gidan su Zakariya'u ta kira. Uwale, mahaifiyarsa, ta ɗauka. Rahinatu ta gaishe ta a gurguje, ta roƙi a ba shi wayar.

Tsohuwar ta ce:

"Ɗiyata, ashe ba ki ji ba? Zakariya'u wata bakwai ke nan da rasuwa. Ordinatar tasa ma, na'urar da yake aiki da ita, tun ranar sadakar uku muka neme ta muka rasa."