Jikin Da Ya Manta

Wata mata ce ta fara ganinsa kwance a bayan tarin tayoyi, leɓensa ya yi baƙi, kumfa na bin gefen bakinsa. Mai faci ne, yana da 'yar rumfa a bakin titi da ɗaki a bayanta. Mutane suka kewaye shi suna ta salati, kowa ya harɗe hannu. Ita kaɗai ta kira 'yan sanda, ta cire masa jaket don ya sami iska, ta tsuguna tana yi masa fifita da guntun kwali.

Sajen da ya zo yana cikin sabon shirin gwamnati, wanda ya ce ɗan ƙwaya wurin magani za a kai shi, ba kurkuku ba. Ya fesa masa maganin farfaɗowa a hanci. Mai faci ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Wannan ba sha kaɗai yake yi ba," in ji Saje. "Mun daɗe muna jin har sayarwa yake. Kotu ce daidai da shi."

Matar ta kama masa hannun riga. "Yallaɓai, kurkuku ba ta warkar da kowa, can ma samu zai yi ya sha. Ka kai shi inda za a wanke masa jini tas. Saboda ɗana nake roƙonka."

Saje mutum ne mai tsawa da zare ido, amma hawayen uwa ba ya barinsa da ƙarfi. Ya juya mota zuwa cibiyar magani.

Tela ce ita, kuma keken ɗinkinta ne cinta da shanta. Duk da haka, duk ranar ziyara sai ta rufe shago. Iyalan sauran majinyata sun zo sau ɗaya, sau biyu, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ita kuwa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, tana bakin ƙofa da ledar dafaffen ƙwai.

"Mama, har yau ba ki gane ɗan naki ba ya cin ƙwai ba?" ma'aikatan jinya suka tsokane ta.

"Tsufa ne, 'ya'yan nan," ta ce.

Mai faci yakan karɓa da hannu biyu, kansa a sunkuye. Tun da ya shiga ƙwaya babu wanda ya ƙara zama kusa da shi ba don saye ba. Wata rana ya fashe da kuka, ya ce bai san da me zai sāka mata ba. Ta dubi bango ta ce, "Kai dai ka warke."

A ajin da ake yi wa iyalai, kujerar gaba tata ce. Ranar da babbar nas ta zo kan haɗarin komawa sha bayan an daina, rabin ajin na gyangyaɗi. Ita ta ɗaga hannu.

"Sista, ko da iya wanda ya saba ne, bai ƙara ko ɗaya ba?"

"Ai shi ya fi kisa, Mama. Kai yana tuna adadin, jiki kuwa ya manta. Abin da yake haɗiyewa dā ya tashi ya yi aikinsa, yanzu shi zai tsayar masa da numfashi. Kwanakin farko bayan sallama, kada a bar shi shi kaɗai."

Ta gyaɗa kai a hankali. Nas ta ce da ma duk iyaye haka suke.

Watanni suka shuɗe. Kumatun mai faci suka ciko, hannunsa ya daina rawa, har ya gyara wa cibiyar tayar motar ɗaukar marasa lafiya. Ya fara ƙorafin a sallame shi, ita ta ce atafau, sai ya cika wa'adinsa. Da manyan gwamnati suka zo duba shirin, su biyun Saje ya tura gaba aka yi musu hoto. Ranar bakin Saje har kunne.

Ranar sallama nas ta damƙa mata maganin farfaɗowa, ta ce a ajiye shi kusa da gadonsa. Ta jefa a jaka. Ta riga ta share masa ɗakin bayan rumfa, ta shimfiɗa sabon zanen gado da ta ɗinka da kanta. Ta miƙa masa jaket ɗinsa a ninke, yadda ta cire masa ranar da ya faɗi.

"Kayanka ne, na adana maka. Ko aljihun ban taɓa ba."

Ta ja masa ƙofa, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana roƙon kada a dame shi, hutu yake bukata. Sannan ta rataya jakarta ta tafi.

Washegari da rana tsaka wani direba mai neman a yi masa faci ya gaji da ƙwanƙwasawa ya tura ƙofar. Mai faci na kwance a kan sabon zane, ya daɗe da yin sanyi. Da Saje ya zo, a aljihun ciki na jaket ɗin ya sami 'yar leda da ragowar ƙwayoyi. Ya zauna a kan taya ya dafe kai, yana zagin kansa da bai nemi jaket ɗin ba tun ranar farko. Abin da ya fi ci masa rai shi ne da wane baki zai gaya wa baiwar Allahn nan.

Ya same ta a shago tana taka keke. Ya cire hula, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, sai haƙuri. Mun yi iya yinmu. Allah ya jiƙan ɗanki."

Ta ƙarasa layin ɗinkin, ta tsinke zare da haƙori, sannan ta ɗago ido a bushe.

"Amin, Yallaɓai, amma ka makara da ta'aziyya. Ɗana bara ya rasu, da ƙwayar da ya saya a rumfar faci."