Lakar da Baba Bai Cire Ba

Ranar Juma'a ce, rana ta take. Manoma duk sun tafi masallaci, gonakin Bunkure sun yi tsit. Ni da Baba kawai muka rage, tunda mu kaɗai ne Kiristoci a wannan layin.

Ruwa na gudu a kwata, amma ba namu ba ne. Ranar ban ruwan maƙwabcinmu ce, mu sai an zagayo. Tumatirinmu ya yi yaushi, ganyensa na wani wari mai ɗaci da har yau nake jinsa a hanci. Curin laka ɗaya ne ya toshe bakin kwaminmu, inda ruwa ke shiga wa tumatirin.

Na ɗora ƙafa a kan lakar na ce, "Baba, ɗan kaɗan mana. Wa zai gani?"

Ya daɗe yana kallon ruwan. Na ga fartanya ta motsa a hannunsa. Can ya ce, "Ɗauke ƙafarki, 'yata. Ubangiji ya yi alkawari ba zai yashe mu ba. In na buɗe nan, na ƙaryata shi ke nan."

Ya durƙusa ya ƙara laka a wurin. Muka zauna a kan kunyar gona, ruwa na wuce mu.

Baba ya rasu, gonar ma ta bar hannunmu. Yanzu ina birni, ba mai cewa in ɗauke ƙafa. Amma duk inda na ga ba mai ganina, tafin ƙafata yakan tuna sanyin lakar nan.