Hutun Fasto

Ana naɗe tabarmin zaman makoki fasto ya iso. Mako guda ke nan da dawowarsa Kazaure daga Turai, inda ya zaga majami'u tara yana ba da labarin amincinsa da wani tsohon ladani, ana tafi. Dattawan coci suka karɓe wayarsa, suka hana a tashe shi sai ya huta.

"Wa aka rasa?" ya tambayi ƙanin ladanin.

"Yaya ne, Fasto. Sau biyu ya aika a kira ka, aka ce kana hutawa."

Fasto ya tsaya yana jiran wani wuri ya yi masa ciwo. Jikinsa garau, gajiyar tafiya ta sake shi sarai.